Kawu Tsakanin Ƙofa Biyu

Da labarin rasuwar Kawu ya zaga Hausawan New York, kowa da yadda ya karɓe shi. Masu tasi suka riƙa tsayawa a gefen titi suna kiran juna a waya. Wata baiwar Allah 'yar Kumasi, wadda duk muke ce wa Anti, mai sayar da abinci kusa da tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, ta rufe tukwanenta da rana tsaka, ta ce yau hannunta ba zai iya zuba wa kowa shinkafa ba. 'Ya'yanmu haihuwar nan, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su mayar maka da Turanci, ranar sai ga su suna kokawa da harshe suna cewa Allah ya jiƙan Kawu. Shi kuwa babban amininsa, wani tsoho mai shimfiɗa jakunkuna da laima a Canal Street, wanda muke kira Baban Damagaram, da aka gaya masa bai yi kuka ba, ko salatin ma sai daga baya. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne: "To, yanzu wa zai kai saƙo?" Mutane suka ce ruɗewar tsufa ce. Ni na san abin da yake nufi, kuma tun daga lokacin jikina bai koma daidai ba.

Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma layi muke bi. Ina rubuta wannan ne don kada wata rana jikokinmu su shiga wurin taronmu su ga ɗaki biyu, su tambayi dalili, a rasa mai ba su amsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Shi ya tarbo ni a filin jirgi ranar da na fara taka ƙasar nan, a gidansa na zauna har na gama karatun jinya, na yi aure, na koma Staten Island. Ni nas ce, amma har ya koma ga Allah Likita yake ce mini, wai bakinsa addu'a ne. Dogo ne siriri, ba ya fita ba hula. In ƙanƙara na zuba sai ya ɗora hular sanyi a kan hularsa ta gida, kan ya ƙara tsawo, tun daga nesa ka san shi ne.

Yana saurayi, zamanin da majalisar tarayya take Legas, Kawu ƙaramin akawu ne a can. Aikinsa ɗaukar ƙudirin doka daga wannan zaure zuwa wancan. Duk wanda ya zauna da shi ya sha wannan labari har ya haddace, kuma ba ya bayar da shi sai da shayi a hannu. Zai ɗauki kofi biyu, ya cika ɗaya, ya ce wannan majalisar wakilai ce: mutane da yawa, jihar da ta fi jama'a ta fi kujeru, ga hayaniya ga zafin kai. Sai ya ɗaga hannu sama ya tsiyaye shayin cikin ɗaya kofin, yadda masu shayin bakin tasha suke yi, ya ce wannan kuma ta dattawa ce: ba su da yawa, kowace jiha kujerunta daidai da na 'yar'uwarta, babba da ƙarama. In dattawa suka taɓa ko kalma ɗaya, dole a mayar wa wakilai su sake dubawa. In aka kasa jituwa, kowane ɓangare ya ba da mutane kaɗan su zauna su daidaita, a kawo wa kowane zaure ya amince da abu iri ɗaya, sannan a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Yana magana yana juya shayin daga kofi zuwa kofi, mu kuwa yawunmu ya gama tsinkewa. In ya miƙo maka, wallahi wani lokaci ya yi sanyi ƙalau. Ka yi ƙorafi, ya ce aƙalla dai ba ka ƙone ba.

Akwai gefen labarin da ba ya yawan faɗa. Lokacin da soja suka karɓi mulki, da wani ƙudiri a hannunsa, kan ruwan sha na wasu ƙauyuka. Wakilai sun amince, saura ya kai wa dattawa. Ya je aiki ya tarar an garƙame ƙofofin duka biyu, ga soja a tsaye da bindiga. Ya ce ya daɗe a barandar da ke tsakanin zaurukan, takarda a hammata, bai san wanda zai miƙa wa ba. Ya taɓa ce mini har yanzu yakan yi mafarkin barandar nan, yana ta ƙwanƙwasawa ba a buɗewa. Na yi dariya, na ce Kawu kai ko mafarkinka ma aikin gwamnati ne. Shi bai yi dariyar ba.

Aikin ofis ne ya kawo shi garin nan. Ya yi ritaya ya zauna saboda karatun 'ya'ya, yana cewa baɗi zai koma, kamar kowa. A lokacin ƙungiyarmu ta Hausawa tana neman wargajewa. 'Yan Gana sun fi kowa yawa, duk abin da aka kaɗa wa ƙuri'a su ke ci. 'Yan Nijar ba su da yawa, suka ce an mai da su 'yan kallo, za su fita su kafa tasu. Mu 'yan Najeriya kuwa, kun dai san halinmu, gani muke mu ne da Hausar. Kawu ya ce a ba shi Lahadi ɗaya. Wurin taronmu ƙarƙashin wani bene ne a Bronx, ɗaki biyu da ɗan lungu a tsakani, inda bututun ɗumama gida ya bi. Ya ce babban ɗakin mai kujerun ƙarfe na wakilai ne, kowace ƙasa gwargwadon yawanta, maza da mata da samari. Ƙaramin mai darduma na dattawa ne: Gana biyu, Nijar biyu, Najeriya biyu, ba ƙari. Ba abin da zai zama dokar ƙungiya sai ɗakunan biyu sun yarda, sannan liman ya sa hannu. Aka yi ta dariya, aka ce Kawu ya kinkimo Legas ya kawo Bronx. Amma 'yan Nijar ba su fita ba.

Shi kansa bai ɗauki kujera a ko'ina ba. Aka yi aka yi ya shugabanci dattawa, ya ƙi. Lungun nan ya zaɓa. In wakilai sun gama, sai ya fito ya gyara hula, ya ƙwanƙwasa ƙofar dattawa da bayan yatsa, ya jira a ce shigo, ko da kuwa yanzun nan ya fito daga ciki. Ya faɗi saƙo yadda aka ba shi, ba ragi ba ƙari, ko da baƙar magana ce sai dai ya sunkuyar da kai ya faɗa. In aka tambaye shi shi me ya gani, amsarsa ɗaya ce: "Akawu ba shi da ƙuri'a."

Abin haushi ya sha faruwa, kada in yi muku ƙarya. Akwai shekarar da mu wakilai muka amince a yi walimar Sallah a filin shaƙatawa, dattawa suka ce sun yarda amma ban da lasifika, muka ce ina daɗin Sallah ba kiɗa. Aka yi ta kai da kawowa har Sallar ta zo ta wuce, muka ci namanmu a ƙarƙashin bene muna gumi, Kawu ko a jikinsa. Amma akwai kuma ranar da aka zargi wani direban tasi da wani mummunan abu, ɗakin wakilai ya ɗauki zafi, nan take aka kaɗa ƙuri'ar korarsa. Dattawa suka ce sai an ji ta bakinsa. Kafin zama na gaba gaskiya ta fito, ashe ba shi ba ne.

Sai maganar maƙabarta. Ita ce ta tsufa a hannun Kawu. In namu ya rasu a nan, ko dai a sa shi a akwati a cikin jirgi tare da kaya a kai shi gida, ko a binne shi duk inda aka samu gurbi, wani a nan wani a can, cikin mutanen da ba su san ko sunansa ba. Wata maƙabartar Musulmi a New Jersey ta ce za ta keɓe mana gefe guda namu na kanmu in ƙungiya ta amince. Mu wakilai tun zaman farko muka amince, don 'ya'yanmu a nan suke, a nan za su neme mu. Dattawa ba su taɓa cewa a'a ƙiri-ƙiri ba, su ma sun iya siyasa. Bana su ce a tura kwamiti ya ga wurin, baɗi su ce a tambayi malamai, har wa'adin zama ya ƙare, ƙudirin ya mutu, bayan sabon zaɓe a faro daga farko, don haka Kawu ya tsara. Kowa ya san gaskiyar abin. Duk ranar da suka yarda da filin nan, sun yarda ke nan ba za su koma ba. Baban Damagaram ne kan gaba wajen ƙi. Mutumin da ya yi furfura a titin New York, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi zuwa ya yi ya ɗan nema ya koma.

A kan wannan muka yi faɗa da Kawu, faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Ƙawata ce ta rasu, abokiyar aikina, ta bar 'yan mata ƙanana. Mijinta ya ƙi a kai ta gida saboda yaran, aka binne ta a wani wuri mai nisa da sai ka canza jirgi da mota kafin ka kai. Lahadin da ta biyo baya dattawa suka sake dawo mana da ƙudirin, wai a ƙara nazari. Na tare Kawu a lungun nan, idona ya rufe. Na ce masa tsofaffin nan duk abokan shayinsa ne, da zai buɗe baki sau ɗaya da tuni an gama. Na ce ɓuya ya yi a bayan doka saboda shi ma tsoron filin yake ji. Na faɗi abubuwa da yawa, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Ya bari na gama tas, sannan ya ce: "Likita, ranar da na faɗi ra'ayina, ɗaki ɗaya zai daina buɗe mini ƙofa. To wa zai kai saƙo?"

Na juya na tafi, na yi watanni ban taka gidansa ba. Wata Asabar da safe sai ga wayarsa, wai yana tashar jirgin ruwa ta St. George, nan Staten Island, ya tsallako tun daga Bronx, in fito in raka shi unguwa. Kabarin ƙawata ya kai ni. Ya san hanya ba tambaya, har mai gadin wurin ya ɗaga masa hannu. Ashe duk 'yan ƙungiyar da aka binne a warwatse, Kawu yana bin su ɗaya bayan ɗaya in ya samu sarari, ya yi musu addu'a, ya cire ciyawa. Bai tayar da maganar faɗanmu ba, ni ma ban tayar ba. A hanyar dawowa ya saya mini gyaɗa mai zafi a bakin titi, ya ce in ci na rame.

Ciwonsa bai daɗe ba. Da safe ya cika, a asibiti, Inna matarsa tana riƙe da ƙafarsa. Kafin azahar ƙanensa na Kano ya kira, ya ce an gyara wuri kusa da iyayensu, a sa shi a jirgi. 'Ya'yansa suka ce ba su yarda ba, babansu a nan yake. Aka tambayi Inna ko ya bar wasiyya. Ta ce babu, ta taɓa tambayarsa, ya ba ta amsar da yake ba kowa. Sannan ta ɗago ta dubi dattawan da suka cika mata falo, Innar da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba, ta ce: "Ku kuka cinye masa Lahadinsa shekara da shekaru. Ku koma ɗakunanku. In kun yarda da filin nan, can za a kai shi. In kun ƙi, ku sa shi a jirgi da hannunku."

Kawu kuwa yana mutuware. Ni na san wurin, na sha raka mutane ciki. Na san sanyinsa, na san ƙarar ƙarfen nan in an tura gawa an rufe. Musulmi ba a barinsa ya jira, ga shi mutumin da ya koya mana jira shi muka bari yana jiranmu. Wannan tunani ya hana ni ci, ya hana ni sha.

Washegari da hantsi aka haɗu. Ban taɓa ganin ƙarƙashin benen nan ya cika haka ba. Wakilai ba mu ɓata lokaci ba. Anti 'yar Kumasi, wadda ita ce shugabar ɗakinmu, ta karanta ƙudirin, hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Sai kuma aka yi tsit, kowa ya zuba wa ƙofa ido, ana jira doguwar hular nan ta leƙo. A cikin shirun nan ne bututun lungu ya buga. Duk wanda ya zauna a tsohon gini a garin nan ya san ƙarar, ƙarfe ne in zafi ya shige shi. Na sani, kowa ya sani. Amma wata mata a bayana ta ce "shigo" kafin ta kama bakinta, sai kuka ya ɓarke a ɗakin.

Anti ta dube ni ta ce in tashi, ni ce jininsa. Na ce ni ina da kujera, ina da ra'ayi, kuma ba wanda bai san shi ba. Ta ce to in ajiye su a nan kafin in fita.

Na fita lungun. Ban taɓa lura da ƙanƙantarsa ba sai ranar. Ba taga, ƙofa a gaba ƙofa a baya, kana jin muryoyin ɗakunan biyu amma ba ka gane abin da ake faɗa. Kujerarsa ta roba na nan, da kofunansa biyu a kife a kan bututu. Na ƙwanƙwasa, aka daɗe kafin a ce in shigo.

Dattawa suka saurari saƙo, suka ce in ba su wuri. Da suka kira ni, amsarsu ita ce a nema wa Kawu gurbi guda a binne shi saboda Inna, amma maganar filin ƙungiya a bar ta sai wani zama. Wallahi harshena ya yi ƙaiƙayi. Ina da abin da zan gaya wa tsofaffin nan wanda zai raka su har Kano da Damagaram. Na haɗiye, na sunkuyar da kai, na kai saƙo yadda aka ba ni. Wakilai suka ce ba su yarda ba, mutumin da ya yi ta bin kaburburan da aka yasar ba za a yasar da shi cikin baƙi ba. Na komo. Haka na yi ta zirga-zirga har aka yi azahar, ƙanen Kawu yana ta kira daga Kano yana cewa in mun kasa mu ba shi ɗan'uwansa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, liman ya ce a bi tsarin mai shi, kowane ɗaki ya ba da mutum biyu su daidaita. Ba mu da ɗaki na uku, sai aka buɗe ƙofofin duka biyu, suka zauna a bakin ƙofa suna fuskantar juna, ni a tsaye a tsakiya kusa da kujerar roba.

Baban Damagaram yana cikin na dattawa. Anti ta yi magana, ɗan Kawu na fari ya yi da Hausarsa mai gargada, tsohon dai kofunan nan biyu yake kallo. Can ya ce shi da niyyar damina ɗaya ya zo garin nan. Ya ce uwarsa ta rasu bai je ba, yayyensa sun ƙare, gidan da ya gina a can bai taɓa kwana a ciki ba. Ya ce duk shekarun da ya yi yana kashe ƙudirin nan, Kawu bai taɓa ce masa don me ba, sai dai in an tashi ya zuba masa shayi. Muna jin bututu yana huci.

"Bon," ya ce da Faransancinsu na Nijar. "Ina da gyara guda. In an karɓa, na yarda da filin."

Anti ta ce ya faɗa.

"Wurin da ke daman Kawu nawa ne."

Ƙofa a buɗe take, kowa ya ji, amma duk da haka na juya na kai wa wakilai, don haka tsarin yake. Suka amince. Na juya na kai wa dattawa, suka amince, wasu suna share ido da hannun riga. Liman ya sa hannu. Da na kira ƙanen Kawu na gaya masa, ya ce Allah ya jiƙansa, ya kashe wayar. Da gari ya waye aka yi wa Kawu sutura, direban tasin nan da aka taɓa neman kora shi ya ja motocin rakiya a gaba.

Mu mata ba mu je binnewa ba. Sai da Inna ta fita takaba na kai ta. Fili ne mai faɗi, ciyawa shar, ba komai a cikinsa sai tudu guda a tsakiya. A damansa an soke wata tsohuwar laima a ƙasa, ba sai an gaya mana ta wane ce ba. Na tsaya ina kallon ciyawar nan, na san ni ma wurina yana ciki, ban dai san ta ina ba.

Da muka gama addu'a Inna ta ce akwai abin da take so ta gaya mini. Ta ce da take gyaran ɗaki ta sauko da wani akwati daga saman sif. A ciki akwai babbar riga a ninke, da sababbin takalma, da turare, da 'yan riguna na jikokin ƙanensa na Kano. Ta ce kayan ba tsofaffi ba ne, rigunan yaran daidai girmansu na bara ne, ke nan sake su yake yi ba ta sani ba. Ta dubi tudun, ta dube ni.

"Ashe ko shi ma da dattawan yake? Ke me kika gani, mun yi masa daidai?"

Ni da ba a taɓa yi mini tambaya na rasa amsa ba, na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito ba nawa ba ne. Na ce mata akawu ba shi da ƙuri'a. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ja mayafinta ta yi gaba.

Ban koma kujerata ba, har yau ni ce a lungun. Duk Lahadi in zauna a kujerar roba, muryoyi gaba da baya, in bututu ya buga sai gabana ya faɗi. Ina kewarsa, kuma ina jin haushinsa, don ya tafi da amsar da shi kaɗai ya sani, ya bar mu da akwati. Ya Allah, bawanka ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane yana jira a ce ya shigo. Ga shi ya zo taka, kada ka bar shi a tsaye.